Yadda Ake Saita Rifita Don Wi-Fi Ya Kai Ɗakunan Da Ba Ya Kaiwa

Kusan kowane gida mai Wi-Fi yana da wani ɗaki ko wani lungu da intanet ke mutuwa da an shiga. A falo bidiyo na tafiya sumul, amma da ka wuce bango biyu ko ka hau bene sai sandunan sigina su ragu zuwa ɗaya, kiran bidiyo ya riƙa daskarewa, saƙo ya ƙi tafiya. Maganin da aka fi saurin kawowa shi ne rifita, ƙaramar na'urar nan da ake jonawa a soket, ta kamo Wi-Fi daga rauta, wato babbar na'urar da ke watsa intanet a gida, ta sake watsa shi gaba. Tana aiki, kuma saita ta ba ya cin dogon lokaci. Amma da yawa daga waɗanda suka saya sukan ƙare da cewa ba ta da amfani, alhali matsalar ba daga na'urar take ba, daga inda aka ajiye ta ne.

Rifita ba ta ƙirƙiro intanet, kuma ba ta gyara sigina da ta riga ta lalace. Abin da ta ji shi take maimaitawa. Kamar mutum ne da aka tsayar tsakanin mutane biyu da ba sa jin juna saboda nisa: sai ya saurari na farko, sannan ya juya ya faɗa wa na biyu. In shi kansa bai ji da kyau ba, duk ƙarfin muryarsa guntun zance zai isar. Kuma ba zai iya saurare da magana a lokaci ɗaya ba, don haka kowane saƙo sai ya ci lokaci ninki biyu. Waɗannan abubuwa biyu, wato ingancin abin da rifita ke ji da kuma lokacin da maimaitawa ke ci, su ne ke yanke hukuncin ko za ka ji daɗinta ko a'a.

Kafin ka sayi komai

Fara duba inda rautar take. In tana ƙasa a bayan talabijin, ko cikin kabad, ko a can kusurwar gida kusa da taga, to rabin siginarta ana watsa wa waje ne ko ana shaƙe ta. Ɗaga ta sama a kan shelf, a fili, kusa da tsakiyar gida gwargwadon yadda wayarta za ta kai, ka miƙe eriyoyinta tsaye. Sau da yawa wannan kaɗai kan biya buƙata, ba sai an kashe kuɗi ba.

Sannan ka tabbatar matsalar ta nisa ce. Tsaya kusa da rauta ka gwada saurin intanet. In a nan ma yana jan ƙafa, to laifin daga layin da ke shigowa ne ko daga kamfanin da ke ba ka intanet, kuma rifita ba za ta ƙara komai ba. In a kusa yana gudu, a nesa ne yake mutuwa, to ka zo wurin da ya dace.

Wajen zaɓar na'ura, lambobin da ke jikin kwali suna da ma'ana, sai dai ba yadda mai talla ke so ka fahimta ba. N300 na nufin rediyo ɗaya ne a zangon 2.4 GHz (zango shi ne rukunin igiyoyin rediyo da Wi-Fi ke bi), mai iyakar megabit 300 a daƙiƙa a kan takarda. AC750 na nufin rediyo biyu, 300 a zangon 2.4 da 433 a zangon 5 GHz, aka haɗa aka cike lissafi. AC1200 kuwa 300 ne da 867. Babu wata waya da za ta ga jimillar nan, domin a zango ɗaya take haɗuwa a lokaci guda, kuma saurin da ake samu a zahiri kusan rabin abin da aka rubuta ne ko ƙasa da haka. Shawararmu a nan a fili take: in rautarka na da zango biyu, kada ka sayi rifita mai zango ɗaya. Mai rediyo ɗaya da shi take saurare, da shi take maimaitawa, a kan tasha ɗaya, wato layi ɗaya daga cikin layukan zangon, shi ya sa saurin ke rabuwa biyu. Mai rediyo biyu kuwa za ta iya magana da rauta ta zango ɗaya, ta yi magana da wayoyinka ta ɗayan, sai asarar ta ragu sosai.

Akwai abin lura game da wannan rabuwa biyun, don ana yawan tsoratar da mutane da shi. Abin da ke rabuwa shi ne saurin da ke tsakanin rifita da rauta, ba lallai saurin intanet ɗinka ba. A ce layinka megabit 20 yake kawowa, rifita kuma tana samun 80 tsakaninta da rauta. Ko an raba biyu saura 40, har yanzu ya fi abin da layin ke bayarwa, ba za ka ji bambanci ba. Amma mai layin megabit 300 zai ji shi ƙwarai. Ka kuma duba kafar kebul da ke jikin rifitar, in tana da ita. Masu araha da yawa kafarsu ba ta wuce megabit 100, ko da an rubuta lamba babba a kwali.

Neman wurin da za ta zauna

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai rifita cikin ɗakin da babu sigina a jona ta a can. Wayarka za ta nuna sanduna cike, ka ɗauka an gama, amma shafi ya ƙi buɗewa. Sandunan nan ƙarfin da ke tsakanin waya da rifita kawai suke nunawa. Ba su san komai ba game da abin da ke tsakanin rifita da rauta, kuma ta can ne intanet ke biyowa.

Ana yawan cewa a sa ta a tsakiya, rabin hanya tsakanin rauta da ɗakin. Wannan mafari ne kawai, domin ba nisa kaɗai ke cin sigina ba, abin da take ratsawa ya fi nisan muhimmanci. Ƙofar katako da bangon allo ba sa cin da yawa. Bangon bulo da siminti yana ci sosai, rufin kankare mai rodi a ciki ya fi shi, shi ya sa hawa bene ke da wuya. Ƙarfe kuwa kusan toshewa yake yi gaba ɗaya: ƙofar ƙarfe, firiji, kabad ɗin ƙarfe, har babban madubi, saboda siririn ƙarfen da ke bayansa. Ruwa ma yana shanye sigina, don haka tankin ruwa ko akwatin gilashin kifi a kan hanya matsala ne. Kuma in sigina ta ratsa bango a karkace, kaurin da take ketawa ya fi na wadda ta ratsa shi kai tsaye.

Maimakon kirdado, auna. Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, kuma lambar na zuwa da alamar ragi a gabanta. Wadda ta fi kusa da sifili ita ce mafi ƙarfi. Kusa da rauta za ka ga kamar -35 ko -40. Daga -50 zuwa -60 sigina ce mai kyau ƙwarai. Wajen -67 shi ne iyakar da masu tsara hanyoyin sadarwa suka saba ɗauka don kiran murya da bidiyo. Daga -70 zuwa ƙasa abu ya fara lalacewa, a -80 kuwa haɗuwa kawai ake yi, ba aiki. Kada ƙanƙantar tazarar lambobin ta ruɗe ka: duk raguwar 3 na nufin ƙarfin ya ragu da rabi, raguwar 10 kuma na nufin saura kashi ɗaya cikin goma.

A wayar Android akwai manhajoji da yawa na kyauta masu nuna wannan lamba, ka nemi na binciken Wi-Fi. A iPhone manhajar AirPort Utility na yin hakan in ka kunna mata binciken Wi-Fi a cikin saitin waya. A kwamfutar Mac ka danne maɓallin Option ka latsa alamar Wi-Fi, za ka ga lambar a layin RSSI.

Yanzu ɗauki wayar ka tashi daga rauta, ka nufi ɗakin da ke da matsala a hankali, kana tsayawa a gaban kowane soket. Riƙe wayar daidai tsayin soket ɗin, ba a saitin fuskarka ba, domin a nan rifitar za ta zauna, kuma soket ɗin da ke ƙasa bayan kujera ba ɗaya yake da iskar da ke sama da shi ba. Kada ka tsaya tsakanin wayar da ɓangaren da rauta take, jikin mutum ma yana tare sigina. Dakata daƙiƙa goma lambar ta natsu, ka rubuta. Abin da kake nema shi ne soket mafi nisa daga rauta wanda har yanzu yake ba da -60 zuwa -65. In kana so rifitar ta haɗu da rauta ta zangon 5 GHz, to lambar zangon 5 za ka duba, ba ta 2.4 ba. Za ka ga ta 5 tana faɗuwa da wuri, domin ba ta jure bango kamar 2.4, ko da yake ta fi ta sauri kuma ba ta da cunkoso kamarta.

Baranda ta cikin gida, bakin matakala, da saitin ƙofa a buɗe, su ne wuraren da suka fi ba da sakamako, saboda sigina na bin fili ta zagaye bango maimakon ta keta shi. In bene ne, gwada soket ɗin saman matakala, ko ɗakin da ke daidai saman rauta. Nisanta rifitar daga na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, wadda ke aiki a kusan 2.45 GHz, wato cikin zangon Wi-Fi tsundum. Duk lokacin da aka kunna ta, haɗin 2.4 na kusa da ita kan tsinke ko ya yi rauni. In soket ɗin da ya dace yana ƙasa sosai, gajeriyar wayar ƙari da za ta ɗaga rifitar sama da kayan ɗaki tana kawo bambanci.

Saitawa

Ana saita rifita a kusa da rauta, a ɗaki ɗaya, sannan a kai ta wurin zamanta. Ba ta manta saitinta in an cire ta daga wuta. Jona ta, ka jira minti ɗaya ko biyu har fitilar wuta ta daina ƙiftawa ta tsaya. In tana da ɗan makunni a gefe na zaɓar irin aiki, tabbatar yana kan Repeater ko Extender, ba Router ko AP (aikin da ake kawo mata intanet ta kebul) ba.

Hanya mafi sauri ita ce ta maɓallin WPS. Latsa na jikin rauta, sannan cikin minti biyu ka latsa na jikin rifita. Fitila za ta yi ta ƙiftawa, in ta tsaya an haɗu. A wasu masu zango biyu sai ka maimaita don zango na biyu ya haɗu. Wannan hanya ba ta aiki in an kashe WPS a rauta, ko an ɓoye sunan Wi-Fi, ko tsaron rautar yana kan WPA3 zalla, domin WPA3 bai yarda da WPS ba. Kuma da ka gama ka shiga rauta ka kashe WPS mai amfani da lambar PIN. Tun ƙarshen 2011 aka bayyana cewa ana iya gano lambar nan mai alƙalami takwas ta hanyar gwaji cikin sa'o'i, daga nan a samu kalmar sirrin gidan.

Hanyar burauza ta fi ɗaukar lokaci kaɗan, amma ita muka fi so, don kana ganin duk abin da ake yi.

1. Kashe datar wayarka tukuna. Rifitar da ba a saita ba ba ta da intanet, kuma waya in ta ga haka takan koma kan data a ɓoye, sai shafin saiti ya ƙi buɗewa ka rasa dalili. In waya ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan wannan Wi-Fi marar intanet, ce mata eh.

2. Haɗu da sunan Wi-Fi na rifitar. Yana rubuce a takardar da ke manne a jikinta. Na TP-Link yawanci TP-Link_Extender ne, na Netgear kuma NETGEAR_EXT.

3. Buɗe burauza ka rubuta adireshin a layin adireshi na sama, ba a akwatin bincike ba. TP-Link na amfani da tplinkrepeater.net ko 192.168.0.254. Netgear na amfani da mywifiext.net ko 192.168.1.250. Ƙananan nan marasa sanannen suna da yawa suna kan 192.168.10.1. Abin da ke jikin takardar na'urarka shi ne gaskiya.

4. Za ta nemi ka ƙirƙiri kalmar sirrin shiga saiti, ko ta karɓi admin a matsayin suna da kalmar sirri. In ta biyun ce, canza ta nan take. Wannan kalma daban take da ta Wi-Fi, ita ce mukullin na'urar kanta.

5. Za ta binciko duk Wi-Fi da ke kusa. Zaɓi naka, ka rubuta kalmar sirrinsa, kana lura da manya da ƙananan baƙaƙe. In akwai alamar ido da ke nuna abin da ka rubuta, buɗe ka karanta sau biyu. In rautar na da zango biyu, yi wa kowanne.

6. Zaɓi sunan da rifitar za ta riƙa watsawa, ka adana. Za ta mutu ta sake tashi, wayarka za ta sauka daga kan rifitar, wannan daidai ne.

Game da suna, mutane sun rabu. Yawancin na'urori sukan ɗauki sunan gidan su ƙara _EXT a ƙarshe. In ka bar shi haka, kullum ka san a kan wacce kake, kuma kai ne ke zaɓa da hannu. In ka ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na rauta, waya za ta riƙa sauyawa da kanta, sai dai ba koyaushe take sauyawa a lokacin da ya dace ba. Waya ce ke yanke shawarar sauyawa, ba rifita ba, kuma wayoyi da yawa sukan manne wa wadda suka fara kamawa har sai sigina ta kusa mutuwa. Sai ka ga mutum yana zaune kusa da rauta amma wayarsa na kan rifitar da ke can ƙarshen gida, komai na zagayawa ta hanya mai nisa. Abin da ya fi dacewa shi ne ka fara da suna daban har ka gama gwaji, don ka san abin da kake aunawa. In komai ya zauna, sai ka mayar da shi iri ɗaya in kana so. In rauta da rifita na kamfani ɗaya ne kuma suna da tsarin haɗin gwiwa, kamar OneMesh na TP-Link ko AiMesh na Asus, ko tsarin EasyMesh da kamfanoni da dama ke bi, kunna shi, domin a nan na'urorin na taimaka wa waya ta sauya da wuri.

Tsaro kuwa, WPA2 mai AES shi ne mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, ko haɗin WPA2 da WPA3 in duka na'urorin sun iya. Kada ka koma WEP ko ka bar ta a buɗe don wata tsohuwar na'ura ta samu shiga. Rifita na tura siginarka nesa fiye da da, har wajen gida, don haka kalmar sirri mai tsawo ta ƙara zama dole. WPA2 na karɓar baƙaƙe 8 zuwa 63, kada ka tsaya a takwas.

Yanzu cire ta ka kai soket ɗin da ka zaɓa. Jira minti biyu ka duba fitilar sigina. Launukan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a mafi yawa ja ko ruwan lemo na nufin ta yi nisa da rauta. In ka ga haka, dawo da ita soket ɗaya baya. Miƙe eriyoyin tsaye. Eriya tsayayya a gefe take watsa sigina, a kewaye da ita, ba sama da ƙasa ba, don haka in bene kake so ta kai, kwantar da ɗaya daga ciki ka gwada.

Gwaji da gyara tasha

Gwada sauri a wurare uku: kusa da rauta a kan rauta, kusa da rifita a kan rifita, sai cikin ɗakin da ake nema a kan rifita. In na biyun ya yi ƙasa sosai, rifita ta yi nisa da rauta. In na biyun ya yi kyau amma na ukun ya faɗi, ta yi nisa da ɗakin, ko akwai abin da ke tarewa a tsakani. Mai kwamfuta zai iya ƙara gwajin ping, mai auna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo, zuwa adireshin rauta, wanda yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Amsa cikin 'yan milisakan kaɗan a jere alama ce mai kyau. In lambar na tsalle zuwa ɗaruruwa ko wasu amsoshi na ɓacewa, haɗin ba shi da lafiya, ko da gwajin sauri ya nuna lamba mai daɗi. Wannan shi ke sa kira ya riƙa yankewa.

Rifita tana bin tashar da rauta take kai, don haka a rauta ake gyara tasha. A zangon 2.4, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Duba manhajar binciken ka ga wacce maƙwabta suka fi barin ta, ka kafa rauta a kanta, faɗin tasha kuma ka sa 20 MHz. Faɗin 40 a wannan zango rigima kawai yake jawowa inda gidaje ke kusa da juna. Barin rauta ta riƙa zaɓar tasha da kanta yana sa duk lokacin da ta sauya, rifita ta ɓace na ɗan lokaci tana nemanta. A zangon 5, tashoshi 36 zuwa 48 ne mafi kwanciyar hankali. Daga 52 zuwa sama har wajen 140 ana raba su da na'urorin rada, kuma doka ta tilasta wa rauta ta bar tashar da ta ji alamar rada. Wasu rifitoci ma ba sa ganin waɗannan tashoshi sam.

In rifitar mai zango biyu ce, nemi saitin da ke keɓe zango ɗaya don magana da rauta. TP-Link na kiransa High Speed Mode, Netgear na kiransa FastLane. In siginar 5 GHz na isa wurin da ƙarfi, keɓe ta ga rauta, wayoyi su hau 2.4. In ba ta isa, juya: 2.4 ga rauta, 5 ga wayoyin da ke kusa da rifita. Gwada duka biyun, ka bar wanda ya fi a gidanka. Kafin ka rufe shafin, duba ko akwai sabuwar manhajar cikin na'ura ka sabunta, kuma kada a cire wuta yayin da take yi.

In abu ya ƙi

Waya ta haɗu da rifita amma babu intanet, ko ta tsaya tana cewa tana neman adireshin IP. Mafi yawan lokuta kalmar sirrin rauta ce aka rubuta ba daidai ba. Wasu rifitoci ba sa gaya maka, sai su adana kuskuren su ci gaba da watsa sunansu kamar komai lafiya, alhali ba su taɓa haɗuwa da rauta ba. Rauta ce ke raba adireshi, in ba a kai gare ta ba babu mai bayarwa. A kwamfuta za ka ga adireshi mai farawa da 169.254, wanda ta ba kanta da kanta saboda ba ta samu amsa ba. Haka ma in aka canza suna ko kalmar sirrin rauta daga baya, dole a sake saita rifita.

Sunan gidanka bai fito a binciken rifita ba. Ko an ɓoye sunan, sai ka rubuta shi da hannu, ko rauta na kan tashar da rifitar ba ta gani. Bayan tashoshin rada da aka ambata, akwai 12 da 13 a zangon 2.4, waɗanda na'urorin da aka yi don kasuwar Amurka ba sa amfani da su.

Shafin saiti ya daina buɗewa bayan an gama. Rifitar ta karɓi sabon adireshi daga rauta, tsohon ya daina aiki. Shiga rauta ka duba jerin na'urorin da ke haɗe, za ka same ta a ciki. Yana da kyau ka keɓe mata adireshin dindindin a can don kada ya riƙa sauyawa.

Ka kunna tace na'urori ta lambar MAC (lambar shaidar kowace na'ura) a rauta, sai duk wanda ya biyo ta rifita aka hana shi. Dalili shi ne rifitoci da yawa suna sauya lambar MAC ta na'urorin da ke bayansu kafin su miƙa wa rauta. Sai dai ka ƙara sababbin lambobin a jerin, ko ka kashe tacewar, wadda dama kariyarta kaɗan ce.

Firinta ko talabijin sun ɓace, waya ba ta ganinsu. Duba ko rifitar na kan aikin rauta maimakon maimaitawa, domin a haka takan kafa nata gidan daban da nata adireshin, na ciki da na waje ba sa ganin juna. Duba kuma ko an kunna saitin da ke ware na'urori daga juna, ko kuma Wi-Fi na baƙi ka maimaita ba na gida ba.

Tana aiki sai ta riƙa mutuwa da kanta. Taɓa ta. In ta yi zafi sosai, fitar da ita daga bayan labule ko kujera ta samu iska, ka kuma duba ko soket ɗin ya saki.

In komai ya rikice, akwai ɗan rami a jikinta da aka rubuta Reset. Tana kan wuta, sa tsinke ka danna har fitilu su canza, a wasu daƙiƙa ɗaya ta isa, a wasu sai wajen goma. Za ta koma yadda ta fito daga kwali, ka fara daga farko.

Inda rifita ba za ta isa ba

Kada ka jera rifita bayan rifita. Ta biyu za ta raba abin da ta farko ta riga ta raba, jinkiri ya ƙaru, kuma duk suna kokawa a kan tasha ɗaya. In ana buƙatar biyu, kowacce ta haɗu da rauta kai tsaye, ɗaya ta wannan ɓangare ɗaya ta wancan.

In kuwa ka zagaya da wayar ba ka sami soket ko ɗaya mai -65 da ke kusa da inda ake buƙata ba, to gidan ya fi ƙarfin maimaitawa ta iska, sai kebul. Kebul ɗin intanet na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100 ba tare da asara ba. Ja shi daga ɗaya daga kafofin LAN na rauta, wato waɗanda ake jona na'urorin gida, zuwa rifitar, ka mayar da ita kan aikin AP. A haka ba ta saurare ta iska, ba abin da ke rabuwa biyu, kuma za ka iya sa ta cikin ɗakin da ke da matsala kai tsaye. Ka ba ta tasha dabam da ta rauta, misali rauta a 1, ita a 6 ko 11. Inda jan kebul ba zai yiwu ba, akwai na'urori biyu-biyu masu tura intanet ta wayoyin lantarkin bango, amma ingancinsu ya dogara da yadda aka yi wayarin gidan, kuma a bango kai tsaye ake jona su, ba a kan wayar ƙari mai kariyar hauhawar wuta ba.

Tsohuwar rauta da ke ajiye ma za ta yi wannan aikin na kebul. Haɗa ta da kwamfuta ita kaɗai tukuna, ka shiga saitinta. Ka ba ta adireshi a layi ɗaya da babbar rauta amma wanda ba ya cikin waɗanda ake rabawa: in babbar tana 192.168.1.1 kuma tana raba daga 100 zuwa sama, ba wa tsohuwar 192.168.1.2. Sa mata suna da kalmar sirrin Wi-Fi, sannan ka kashe DHCP ɗinta, wato saitin raba adireshi, domin masu raba adireshi biyu a gida ɗaya na sa wasu na'urori su karɓi adireshin da ba ya kai su intanet. Kebul ɗin ya shiga kafar LAN ɗinta, ka bar kafar WAN, wadda layin intanet ke shiga, babu komai.